Masu gasa burodin sadaka a Sudan: wace irin godiya ce za ta amfane su?

Ɗan Maiurno ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wasu samari da 'yan mata a wata unguwa ta jihar Sinnar da ke gasa burodi suna rabawa kyauta ga gidaje kusan 300, yawancinsu mutanen da yaƙi ya koro daga Khartum da Wad Madani. Ba a biyansu ko sisi. 'Yan'uwa da ke waje sun yi karo-karo domin a nuna musu an gode, tunda yaba kyauta tukwici. Shawara biyu ce a ƙasa: a sayi fulawa da kuɗin gaba ɗaya a aika musu, sannan a haɗa bidiyo da hotunansu da sunayensu a saka a Facebook domin duniya ta san su.

Kafin a taɓa kuɗin ina son masu sani su ba mu haske. Buhu ɗaya mai kilo 50 burodi nawa yake bayarwa? Ban da fulawa me ya fi cin kuɗi? Sannan sun ce kwanan nan burodin da ya kwana cikinsa yana yin danƙo yana wari, alhali ba su canja komai ba. Me ke kawo wannan?

Baba Mai Tanda ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya saka musu da alheri, Ya tsare su. Bari in fara da lissafi, don a nan ne masu bayarwa suka fi ruɗewa.

A gidan burodi komai da nauyin fulawa ake auna shi. Burodin da ake ci a Sudan, wato zagayayyen nan mai ɗan kauri da ake tsoma wa cikin wake ko adas (wani ƙaramin wake mai faɗi), ba ya son sukari da man shafi da yawa irin namu na gwangwani. Ga buhu mai kilo 50 za a zuba ruwa lita 29 zuwa 31, gishiri giram 800, busasshen yis giram 300, sukari rabin kilo, mai rabin lita. Sukari da mai in babu su burodi zai yi, sai dai zai fi saurin bushewa. Gishiri kuwa ba a cire shi, domin shi ke riƙe kwaɓi ya kuma ja wa yis linzami.

Wannan zai ba da kwaɓi kusan kilo 82. In ana yanka giram 90, za a samu guda 900 ko ƙasa kaɗan, bayan an cire wanda ya maƙale a kwano da wanda ya ƙone. Wuta tana shanye kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin, saboda haka burodin zai fito da giram 77 ko kusa da haka. Gida 300, kowane gida guda shida, ya zama 1,800 ke nan, buhu biyu a rana, buhu 60 a wata. A cikin watan nan za su ci yis kilo 18, wato fakiti 36 na rabin kilo, gishiri kilo 48, sukari kilo 30, mai lita 30. Lallai a saya musu sikeli. Hannu yana yaudara, giram goma kacal da ya ƙaru a kan kowane curi zai cinye burodi wajen 90 a buhu, abincin gida 15 ya tafi ba wanda ya sata.

Sai maganar zafi. Kwaɓi yana son ya fito daga murji da zafin digiri 24 zuwa 27. A ƙasar da rana ke wuce digiri 40, in aka kwaɓa da ruwan jarkar da ta wuni a rana, yis zai yi gudu, kwaɓin ya tashi ya wuce, ya yi tsami, in ya shiga tanda ya kwanta ya fito fari ba ja. Maganinsa ruwan randa, da kwaɓi tun cikin dare, da rage yis zuwa giram 200 a lokacin bazara. Da hunturu a koma 300 ko 400. Kada a zuba yis a kan gishiri kai tsaye, kada kuma a jiƙa shi da ruwan da hannu ba ya iya jurewa, don yis yana mutuwa tun a wajen digiri 55 zuwa 60.

Kuskuren da sababbin hannu suka fi yi shi ne kwaɓa buhu biyun a lokaci guda. A duba tandar tukuna. In tana ɗaukar guda 60, kuma sakawa da gashi da kwashewa suna cin minti goma, to 360 ne a awa, 1,800 awa biyar ke nan. Kwaɓin da ya jira awa biyar a wannan zafin ya lalace. A raba kowane buhu gida huɗu, kilo 12 da rabi, a riƙa kwaɓa kowane kaso da tazarar minti 35 zuwa 40. Tunda da hannu ake yi, a haɗa fulawa da ruwa kawai a rufe minti 20 kafin a sa gishiri da yis, murjin zai ragu sosai, kafaɗun yaran su huta. Bayan murji a bar shi minti 40 zuwa awa ɗaya, a yanka, a cura, a huta minti 10, a faɗaɗa, a ƙara minti 20 zuwa 30. A danna da yatsa: in ramin ya taso a hankali bai cike duka ba, ya isa shiga wuta.

Danƙon da ka ambata kuwa sanannen ciwo ne a gidajen burodi na ƙasashen zafi. Wata ƙwayar cuta ce ta ƙasa, Bacillus, da ke zuwa cikin fulawa. Tsakiyar burodi ba ta wuce zafin tafasar ruwa, ita kuwa ƙwayar tana da kwanson da wannan zafin ba ya kashewa. In burodi ya daɗe da ɗumi, cikin rabin yini zuwa kwana biyu sai ta farka. Da fari za a ji ƙamshi-ƙamshin 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, daga baya cikin ya yi duhu, in ka raba shi biyu ka ga zare-zare yana miƙewa. Wanda ya kai haka ba a ci, ba a ba yara. Tsami ne maganinta. A zuba ruwan khal (wato binega) na girki rabin lita zuwa lita ɗaya a kowane buhu, a rage daidai wannan daga ruwan kwaɓi. A kankare kwanuka da tebur da katakon ɗaukar burodi, a wanke, a goge da khal, domin tsohon kwaɓin da ya bushe a tsagar katako shi ke shafa wa sabo. Kada a niƙa ragowar burodin jiya a mayar cikin kwaɓi. A gasa ya gasu har ciki, a baza shi a kan raga ko karare ya huce awa ɗaya zuwa biyu kafin a tara. Ina kyautata zaton da zafinsa suke cusa shi cikin leda ko buhu saboda gaggawar rabo. Ka tambaye su.

Hajiya Mai Kisra ta amsa:

Baba ya gama magana a kan burodi, amma ni ina da ja a kan zuba kuɗin duka a fulawa. Yawancin alkamar da Sudan ke ci daga waje take zuwa, ta Fot Sudan, kuma manyan injinan niƙa irin na Sayga suna Bahri ne, a arewacin Khartum, inda faɗa ya yi ƙamari tun farkon yaƙin a watan Afrilun 2023. Duk ranar da hanya ta rufe, fulawa ce ke fara ɓacewa. Dawa kuwa a gida ake nomanta, Gadarif da Sinnar da Nilu Shuɗi duk ƙasar dawa ce.

Ana iya haɗawa. Kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na garin dawa mai laushi, wato kilo 8 zuwa 10 a cikin kowane kilo 50, burodin zai fito lafiya, sai dai a ƙara ruwa lita ɗaya ko biyu a kuma rage murji. In aka haura kashi 30 zai daina tashi ya riƙa marmashewa, saboda dawa ba ta da danƙon nan na alkama da ke riƙe iska. A tankaɗe da rariya mai laushi, tsakin dawa yana yayyanka kwaɓi.

Kuma ya kamata su kasance da shirin ranar da babu fulawa ko babu yis. Kisra, wato siririyar wainar dawa ta Sudan, ba ta buƙatar ko ɗaya. A dama garin dawa da ruwa, a zuba ɗan tsohon ƙullu, ya kwana ya yi tsami, da safe a sassauta shi da ruwa a shafa a kan faifan ƙarfe mai zafi, cikin ƙasa da minti ɗaya an ɗaga. Matsalarta hannu: mace ɗaya da faifai ɗaya ba za ta ciyar da gida 300 ba, sai an jera faifai biyar ko shida. Gurasarsu ta alkama, 'yar'uwar tamu ta Kano, ita ma a faifai ake yi, ba sai an hura babbar tanda ba. Don haka a cikin kuɗin a ware na faifai da murhu.

In yis ne ya yi tsada, a riƙa ajiye kwaɓin jiya kilo 10 ga kowane buhu a haɗa da na yau, yis ya ragu zuwa rabi, kuma tsaminsa yana taimakawa wajen danƙon da Baba ya yi bayani. A sa shi cikin tukunyar ƙasa a rufe, a binne gindinta a jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Ba ragowar gasasshen burodi ba fa, ɗanyen kwaɓi. Yis ɗin da ya daɗe a kanti kuma a gwada shi kafin a yi asarar buhu: ƙaramin cokali na yis da na sukari a rabin kofin ruwan ɗumi, in minti goma ta wuce babu kumfa ya mutu.

Abu ɗaya da nake roƙon ka isar musu da babbar murya: kada a niƙa irin shuka. A lokacin yunwa buhunan iri suna fitowa kasuwa da arha, an feshe su da maganin ƙwari, galibi za a ga launin ja ko ruwan hoda a jiki. Wankewa tana cire launin, ba ta cire gubar. A Iraƙi a 1971 zuwa 1972 mutanen karkara sun yi burodi da irin alkamar da aka shafa wa maganin da ke da sinadarin makuri, sama da mutum 6,000 suka kwanta asibiti, fiye da 400 suka rasu a asibitocin kaɗai. Hatsin da aka ga launi ko ake jin warin magani a jikinsa, a bar shi.

Abu Hafsa ya amsa:

Malam, batun bidiyo da sunaye, don Allah a jingine shi. Waɗannan ɗakunan girki na unguwa da ake kira takaya, da ɗakunan agajin gaggawa da ke tallafa musu, duniya ta riga ta san da su, har an ba ɗakunan agajin kyautar ƙasa da ƙasa ta Right Livelihood a 2025. Amma a matsayin ƙungiya aka san su. A ɗaiɗaiku, an kama masu aikin sa-kai, an kashe wasu, kuma ɓangarorin biyu, soja da dakarun RSF, duk an zarge su da hakan. Garin da ke hannun wannan yau gobe yana iya komawa hannun wancan. Wad Madani ta faɗi a Disamban 2023, soja ya karɓe ta a Janairun 2025. Sinja, babban birnin jihar Sinnar, ta faɗi a tsakiyar 2024 aka karɓo ta kafin shekarar ta ƙare. Duk lokacin da hannu ya canja, wanda ya ciyar da mutane a ƙarƙashin na baya ana iya ce masa ɗan haɗin baki. Hoton da aka saka yau da kyakkyawar niyya yana nan a wayar wani. Bugu da ƙari, sanarwar cewa an aika wa wane kuɗi daga waje gayyata ce ga masu ƙwace. In ana son shaida ga waɗanda suka ba da kuɗi, hoton buhuna da na burodi ya wadatar, ba fuska, ba ƙofar gida, ba hasumiyar masallacin da za a gane unguwa da ita. Godiyar a yi ta da saƙon murya kai tsaye zuwa gare su, da addu'a.

Layi ma haɗari ne. A Siriya a 2012 an yi ta jefa bama-bamai a kan mutanen da ke layin burodi a lardin Halab. Kada a bar ɗaruruwan mutane su taru a bakin tanda. A raba unguwa lungu-lungu, kowane lungu da wakili ɗaya ko biyu da za su zo da kwando su karɓa, kowa da lokacinsa, a bi da kati ko littafi. Wannan yana kuma rage turereniya, tsofaffi da masu jego su samu rabonsu a gida.

Game da yadda za a kashe kuɗin: fulawa ba tare da makamashi ba kaya ce a ɗaki. A Gaza a ƙarshen Maris na 2025 gidajen burodi 25 da Hukumar Abinci ta Duniya ke tallafawa sun rufe, kuma fulawa da makamashi ne suka ƙare tare. Gas ya yi wuya a Sudan, itace da gawayi ake amfani da su. Ka sa su auna itacen da suke ƙonawa kwana uku a jere su raba uku, da wannan za a yi kasafi, ba da ƙiyasi ba. Kasafin ya ƙunshi fulawa da dawa, itace, ruwa, yis da gishiri, kuɗin keken jaki, kuɗin kira da na intanet, sabulu, da kason da ake yanka in za a mayar da kuɗin Bankak, wato manhajar banki ta waya, zuwa tsabar kuɗi. A ware abincin masu aikin kansu da ɗan abin da za su kai gida. Su ma yaƙin ya cinye musu sana'a, wanda ya kwana yana murji yaransa na kuka da yunwa ba zai kai wata uku ba.

Kuma kada a aika kuɗin a dunƙule. A raba shi wata-wata, a faɗa musu wata nawa zai kai. Da Amurka ta dakatar da tallafin USAID a Janairun 2025 ɗaruruwan ɗakunan girki sun rufe cikin 'yan makonni, saboda ba su da wani abin dogaro. Haka da layukan waya suka ɗauke a Fabrairun 2024, Bankak ya tsaya, tukwane suka sauka. A bar musu ajiyar kayan mako biyu, kada ta wuce haka: kaya da yawa a wuri ɗaya yana jawo ido, fulawa kuma a wannan zafin tana yin ƙwari. A raba ajiyar gida biyu ko uku, a ɗora buhuna a kan katako taƙi ɗaya daga ƙasa, nesa da bango, wanda ya riga shigowa ya riga fita. Ƙwari kaɗan tankaɗe yana fitar da su. Buhun da ya jiƙe ya dunƙule yana warin fumfuna kuwa ba a ceto shi.

A sani kuma, burodi guda shida a gida ba ciyarwa ba ce, tallafi ne. Kowane guda yana da kalori kusan 200, ma'aunin agaji kuwa 2,100 ne ga mutum a rana. Sai da adas ko wake da ɗan mai a gefe.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Ƙari kaɗan a kan tsafta, tunda an ayyana ɓarkewar kwalara a Sudan a Agustan 2024. Wuta tana kashe ƙwayar kwalara, saboda haka haɗarin yana bayan gashi ne, a hannun mai kwashewa da mai ƙirgawa da kwandon rabo. In bilic na wankin kaya mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari ake da shi, kofi ɗaya cikin kofi 99 na ruwa shi ne na wanke hannu, kofi ɗaya cikin 24 na goge tebur da kwanduna. A haɗa sabo kullum. Wanda ya yi gudawa ko amai kada ya taɓa abinci har sai ya yi kwana biyu da warkewa. Ruwan kwaɓi in an sa masa ƙwayar kulorin a bi abin da ke rubuce a fakiti, a jira minti 30, in ya yi yawa yana rage ƙarfin yis.

Yaron da ya rame sosai ko ƙafafunsa suka kumbura, burodi ba maganinsa ba ne. A samar wa wakilan lungu tef ɗin awon damtse: yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar da awonsa ya gaza santimita 11.5, a kai shi cibiyar tamowa a ranar.

Ɗan Maiurno ya sake rubutawa:

Allah Ya saka da alheri. An fasa bidiyo. Na tambaye su, lallai da zafi suke ƙulle shi a leda. Baba, sun ce itace ne ya fi ƙarfinsu, kuma farkon gashi yana ƙonewa a ƙasa, na ƙarshe ya fito fari. Tandar ta bulo ce da laka, a ciki ake hura wutar.

Baba Mai Tanda ya sake amsawa:

Farkon yana ƙonewa ne don suna sakawa da zarar sun janye garwashi. Bayan an hura awa biyu zuwa uku, baƙin hayaƙin da ya kama rufin ciki zai ƙone rufin ya koma fari, alamar ta ƙoshi ke nan. A ture garwashi gefe ɗaya, a share daɓen da jiƙaƙƙen tsumma a bakin sanda, a rufe ƙofa minti 15 zuwa 20 zafin ya daidaita. Sai a watsa ɗan gari a daɓen. In ya yi baƙi nan take, a ƙara jira. In ya yi ja cikin daƙiƙa 10 zuwa 15, a saka. Na ƙarshe yana fitowa fari saboda an bar wutar ta mutu, don haka a bar ƙaramar wuta tana ci a gefe, ana jefa mata siririn itace guda-guda, harshenta yana lasar rufi. A riƙa juya wuri, na kusa da wuta ya koma nesa.

Itace kuwa mafi yawansa wajen ɗumama tanda mai sanyi yake tafiya. A yi mata ƙofar ƙarfe ko ta katako mai kauri da aka lulluɓe da kwano, a rufe ta ruf bayan aiki, washegari za a same ta da ɗumi. A lulluɓe bayanta da toka ko laka da aka cuɗa da ƙaiƙayi, kaurin taƙi guda. Itace ya zama busasshe, a faskara shi sirara, a jera na gobe a kan tandar ya kwana. Zafin da ya rage bayan burodi kada ya tafi a banza, a tura tukunyar wake ko adas ciki a rufe, ta dahu ba tare da wani itacen ba. Taya, roba, katako mai fenti da baƙin man mota duk kada su shiga tandar da burodi ke taɓa daɓenta. In kuma da gawayi za su yi aiki cikin dare, ko ana tsoron a hango haske, kada a toshe taga da ƙofa duka, iskar gawayi ba ta da wari kuma tana kisa. A yi shinge da tabarma ko buhu a kare hasken, sama a bar ta a buɗe.